Shekarar da Sunan Gwaba Ya Ɓaci

Ku samarin da kuke wucewa ta gaban teburina kuna cewa Baba Isuhu ya dace da sana'ar hutu, ya kasa gwaba ya jingina da bango yana korar ƙuda, ku matso ku zauna. Ba faɗa zan yi ba, ƙarfin faɗa ya ƙare mini. Abin da kuke gani a kan teburin nan ƙarshen aikin ne kawai. Aikin kansa yana can inda ba ku zuwa.

Mu fara da sunan. Mu nan Madarumfa gwaba muke cewa. In ka gangara Kano za ka ji gwaiba, wasu su ce goba, ma'aikatan da suka yi lakwal, wato boko, mai zurfi kuwa in sun tsaya da babur sai su ce a ba su goyab. Duk abu ɗaya ne, kuma ko da wane suna ka kira ta, hancinka ne zai riga idonka saninta. Mangwaro sai ka kai shi hanci. Gwaba ita ke tasowa ta same ka. Nunanna guda ɗaya in ta kwana a ɗaki, tabarma da tufafi har ruwan randa sai sun ɗauka. Wani ya ce ƙamshi, wani ya ce wari, na ga mata da miji sun yi gardama sosai a gaban teburina kan wannan. Shi ya sa tun muna yara, in budurwa ta cika turare sai ƙawayenta su ce yau wance ta zama gwaba. Wasa ne, ba zagi ba. Haka sunan yake, ba shi da wani datti, kafin shekarun da zan ba ku labari.

Ranar da Kawu Laminu, ƙanen mahaifiyata, ya fara tafiya da ni lambu a fadamar gulbi, na tsinki gwaba ɗaya na danna ta da babban yatsa in ji ko ta nuna. Ya karɓe ta ya ajiye a gefe ita kaɗai, kan wani ganye. Washegari ya kira ni ya nuna mini. Daidai inda na danna ya yi baƙi, ya lotsa, ƙananan ƙudaje sun taru a kai.

Ya ce, "Ga sa hannunka nan. In ta shiga kwando da wannan tabon, kafin a kai Maraɗi ta lalata maƙwabtanta. Ba a tambayar gwaba da yatsa, Isuhu. Da ido da hanci ake tambayarta."

Na yi damina biyu ina bin sa kafin ya bar ni in tsinka ni kaɗai. Akwai ɗanya, kore shar, mai ƙarfi kamar dutse. Akwai wadda ta ƙosa, korenta ya fara haske, ba ta da ƙamshi sai ka kai hanci gindin karanta, ita ce ta tafiya. Akwai nunanna, ta sayarwa yau. Sai wadda ta wuce, ta yi luguf, warinta ya koma kamar na giya, wannan ta awaki ce. Tsakanin ta yau da ta awaki, in ana zafi, yini ɗaya ne. Duk sana'ar a cikin wannan ɗan tsakanin take.

Kayan aikin ba su da yawa, kuma ba wanda zai ba ku sha'awa. Gora doguwa mai ƙugiya da ɗan buhu a bakinta, don kada wadda aka tsinko daga sama ta faɗi ƙasa. Kwanduna na kaba, masu faɗi ba masu zurfi ba, domin a kwando mai zurfi na sama ke kashe na ƙasa. Busasshiyar ciyawa ta shimfiɗa. Buhun algarara da ake jiƙawa a matse a rufe. Ban taɓa rufe gwaba da leda ba, gumi take yi ta dahu. Sai wuƙa ƙarama ta yanka wa mai saye ya ga ciki, fara ce ko ja. Ana tsinka da safe bayan raɓa ta bushe, ana jera ƙosassu a ƙasa, masu laushi a sama, kowace da ɗan karanta. Kuma kafin kowace ta shiga kwando sai ka juya ta ka nemi ɗigon nan ƙarami kamar bakin allura. In ka gan shi, ƙuda ya riga ka, akwai tsutsa a ciki komai kyawunta. Mai saye ɗaya in ya gatsa ya ga tsutsa, ba shi kaɗai ka rasa ba, har 'yan gidansu.

Masu saye kuwa kowa da halinsa. Mata masu ciki ɗanya suke nema, su ci da gishiri da barkono, in ba ka da ita su yi fushi kamar kai ka hana ta fitowa. Masuntan tabkin garinmu sukan ba ni kifi su ɗauki nunanna, a bakin ruwa suke cinye ta don matansu ba sa son warin ya haɗu da ƙarni. Tsofaffi marasa haƙori suna son ja mai laushi, amma su dawo gobe su ce 'ya'yanta sun shige musu dasashi. Akwai masu ɗaga kowace gwaba a kan tebur su danna, su ajiye, su tafi ba su sayi ko ɗaya ba. Kana kallo ana kashe maka kaya da yatsa, kuma dole ka ce Allah ya kai mu gobe.

Amma wahalar gaske ba a lambu take ba, ba a tebur take ba. A mota take. Gwabar fadamarmu ba ta isar kasuwa, don haka da kaka muke ƙetarawa wajen Jibiya mu sayo, mu biyo ta Ɗan Issa, mu sauke kaɗan a nan, sauran mu wuce da shi Maraɗi. Direbobi ba sa son mu. Da zarar ka doso tasha da kwando, kafin ka yi sallama wani zai ɗaga hannu ya ce a'a. Sun ce fasinja na yin amai, sun ce warin na kwana a kujeru. In an ɗauke ka, sai a ɗora kwandunanka can sama a rana, a jibga buhun wake a kai.

Mutum ɗaya ne bai taɓa ƙin mu ba, Habu, wanda kowa ke kira Dogo. Yana da irin ƙaramar motar nan mai buɗaɗɗen baya da muke ce wa bashe. Sa'ana ne, tare muka yi makarantar allo. Dogo ya san gwaba ba ta son gudu, ba ta son rami. In ya zo inda kwalta ta fashe sai ya lallaɓa kamar mai ɗauke da ƙwai. Yakan ce shi warin ba ya damunsa, har barci yake kore masa. Shekara da shekaru shi ke ɗaukar kayanmu, na ci a gidansa, ya ci a gidana.

Sannan sai harkar isansi ta yi ƙarfi, abin da 'yan Najeriya ke kira fetur. Can yana da araha, nan yana da tsada, tsakani kuma tafiya ce kaɗan. Aka fara shigo da shi a ɓoye cikin jarkunan roba da muke kira bido, ƙarƙashin buhuna, ƙarƙashin itace. Matsalarsu ɗaya, isansi ba ya ɓoyuwa, 'yan duwan, wato kwastan, da hanci suke kama shi. Ban san wanda ya fara gano dabarar ba, amma wani ya gane cewa warin gwabar da ta wuce yana danne na isansi.

Wata rana da yamma muna tattara kaya ni da Kawu, sai ga wani direba ya zo ya tsuguna wajen tulin ruɓaɓɓun da muka ware wa awaki. Ya ce zai saya duka, har da kwandon.

Kawu ya dube shi ya ce, "Awaki gare ka?"

Ya yi dariya ya ce, "Baba, kai dai faɗi kuɗi."

Kawu ya ce, "Abin da ba ya ciwuwa ba na sayar wa mutum. Je ka gaba."

Ya je gaba, kuma ya samu. Ba zan zargi waɗanda suka sayar ba, abin zubarwa ne aka ba su kuɗi a kai. Amma daga nan sunan ya fara sauya hannu. A tasha in ka ji direba ya ce wa ɗan'uwansa yau na ɗauko gwaba, ba tamu yake nufi ba. In aka ce wane ya shiga gwaba, an san abin da ya shiga. In aka ce gwabar wane ta ruɓe, an kama shi ke nan. Ba a daɗe ba su ma 'yan duwan suka ɗauki kalmar, da ita suke magana tsakaninsu. Mu da muka gaji sunan muka koma sai mun ƙara bayani, mu ce gwaba ta ci.

Abin da ya biyo baya a hanya shi ne, duk motar da aka ji warin gwaba a cikinta sai an sauke ta ƙasa kaf. Suna da wani dogon ƙarfe mai tsini da suke soka wa kaya su ji ko akwai roba a ƙasa. Aikinsu suke yi, an sha yaudararsu da kwandunanmu. Amma ƙarfe ɗaya in ya ratsa kwando, duk wadda ya taɓa ta tashi daga aiki, ruwanta kuma ya gangara kan sauran. Ga tsayuwa a rana. Mai buhun gero zai iya jira har gobe, geronsa na nan gero. Ni kowace sa'a kayana na tafiya daga ta yau zuwa ta awaki ina kallo.

Shekarar da aka karya darajar kuɗinmu na sefa ita ce shekarar da ta kayar da ni. Komai ya yi tsada, isansi ya ƙara tashi, masu ɗaukarsa suka ƙaru. Kawu ya riga ya daina tafiya, gwiwoyinsa sun ƙi. Ni ke riƙe da sana'ar. Na ga in ina sayen kwando-kwando ba zan fita ba, sai na sayar da bijimin da nake kiwo, na je wajen wani dattijo a bayan Jibiya na sayi lambunsa gaba ɗaya tun gwabar tana ƙanana. Na yi ta zirga-zirga ina dubawa, ina rataya tsummoki da gwangwani don jemagu. Allah ya ba da ita kuwa. Ban taɓa ganin gwaba irin ta wannan shekarar ba, manya, fata sumul, ja a ciki.

Ranar babban tsinka Dogo ya kai ni lambun da sassafe, ya ce zai shiga gari a duba masa taya. Da ya dawo na ga ya shimfiɗa katakai a bayan motar, ya rufe da tabarmi. Ya ce ƙarfen ƙasan yana ɗaukar zafi, kada ya dafa mini na ƙasa. Na yi masa godiya. Muka jera kwanduna a kai, na jiƙa buhuna na rufe, na shiga gaba kusa da shi. Hanya ta lalace a wannan daminar, mun faɗa rami biyu masu zurfi, na ji ya ja tsaki ya waiwaya baya. Na ɗauka gwabata yake tausayi.

Bayan mun baro iyaka aka tsayar da mu a wani shinge. Wani matashin ɗan duwan ya leƙa baya, ya shaƙa, ya ce a sauke. Na roƙe shi ya ajiye ƙarfen, ni zan sauke da hannuna, ya duba kowane kwando har ƙasa. Ya yarda. Akwai wata bishiyar bedi, dogon yaro ke nan, nesa kaɗan da hanya, na riƙa ɗaukar kwando a ka ina kaiwa inuwarta ina dawowa. Hankalina duk yana kan inuwar, ko za ta ishe su. Ina ɗauke da na ƙarshe, na ba motar baya, ashe sun ɗaga tabarmi sun ɗaga katakai. Sai na ji muryar babbansu daga bayan mota.

"Gwabar nan ta wa ce?"

Ban ko juya ba na ce, "Tawa ce, shef."

"Duka?"

"Duka. Ni na saya, ni na loda. Shi haya kawai na ɗauke shi."

Na sauke kwandon a hankali, na gyara buhun, na dawo. Nan na ga bido a kwance a jere, sun cika bayan motar daga gaba har baya. Ɗaya ta tsage a ramin da muka faɗa, isansi ya jiƙe tabarmi sharkaf. Sai a lokacin na gane wace gwaba aka tambaye ni.

Na ce, "Shef, ta ci nake nufi. Wadda ke cikin kwando. Wannan ban san da ita ba."

Ya ce, "Kowa haka yake cewa bayan an ɗaga katako. Kai dai ka riga ka faɗa, mutane sun ji."

Na juya wajen Dogo. Yana tsugune yana duban tayarsa kamar yau ya fara ganinta. Na ce, "Dogo, gaya musu."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Ni haya aka ɗauke ni. Kun ji da bakinsa."

Suka riƙe motar, suka ce Dogo ya je gida za a neme shi, ni kuma aka sa ni a wani ɗaki mai ƙaramar taga. Ba wanda ya taɓa ni, ana ba ni ruwa da abinci. Tagar tana kallon bedin. Inuwa takan bar kwandunan tun kafin azahar, buhunan suka bushe, ba mai jiƙawa. Ba sai na leƙa ba ma, iska ke kawo mini labari. Da farko ƙamshin ƙosassa mai sanyi, da ɗan isansi a ƙarƙashinsa. Sannan ƙamshin nunanna ya cika wurin, har masu gadin suna cewa kai, wannan kaya ya yi kyau. Ranar ce ya kamata a ce ina Maraɗi ina kasawa. Daga nan ya fara tsami. Daga nan sai ƙudaje, har cikin ɗakin da nake. Bijimin da na yi shekara biyu ina kiwo, da hanci na bi shi har ya ƙare.

Kawu Laminu ya zo a amalanke, aka riƙe shi ya sauka. Babban nasu ya ba shi kujera, ya saurare shi da ladabi, sannan ya ce, "Baba, ban ƙi taka ba. Amma da bakinsa ya ce tasa ce duka, direba kuma ya ce haya ce. In akwai mai wata magana, ya zo ya faɗa."

Kawu bai koma gida ba, tasha ya sa aka kai shi, wajen Alhaji Garba sarkin tasha, wanda duk direbobin layin ke jin maganarsa. An gaya mini Alhaji ya so ya lallashe shi, ya ce a bari a bi a hankali. Kawu ya shimfiɗa buzunsa a ƙofar rumfar ya zauna. Ya ce ba ya neman a biya shi komai, abu ɗaya yake so, a kira Habu ya yi alwala ya dafa Alƙur'ani ya ce bai san da bido ba. In ya dafa, shi zai tashi ya tafi, ya bar wa Allah. Haka ya yi ta zama, motoci na shiga suna fita, kowa na ganin tsoho a ƙasa. Daga ƙarshe Alhaji ya aika aka zo da Dogo. Ya yi alwalar, ya zo ya tsaya, ya miƙa hannu. Hannun bai kai ba. Ya ce, "Alhaji, a rufe. Tawa ce."

Da aka sake ni, suka ce in kwashe kayana, wurin ba ya zaunuwa. Ba abin kwashewa. Na ƙasa sun sha isansi, na sama sun narke a kansu, ko awaki ba za a ba ba. Na ari shebur na haƙa rami a bayan bedin, na riƙa juye kwando ɗaya bayan ɗaya ina turbuɗewa. Kwandunan ma ban dawo da su ba. Kaba in ta sha isansi ba ta sakinsa.

Na ɗauka shi ke nan, an yi asara an gama. Ashe saura. Labari ya riga ni isowa gari, kuma labari bai zo da ƙarshensa ba. Abin da mutane suka riƙe shi ne an kama Isuhu da gwaba. Da na samu na sayo ɗan kwando daga fadama na kasa, mata sai su ɗauka su shinshina, ba shinshinar nuna ba, ta neman wani abu. Wata ta ce ɗanta ya ci ya yi ciwon ciki, ta ji warin mota a bakinsa. Wannan gwabar ko hanyar kwalta ba ta taɓa gani ba, a kaina na ɗauko ta. Masu babur kuma su tsaya, su rage murya su ce, Malam Isuhu, akwai gwaba ta lita? Wasu da gaske suke, wasu tsokana. Na gwada sauya kira, na riƙa cewa ga gwaiba, ga gwaiba, irin na Kanawa. Yara suka mayar da shi waƙa suna bi na. Na bari.

Kawu ya kira ni ya ce, "Hanya ta ƙare maka, kuma ta ƙare wa gwaba. Tunda sun karɓe sunan a can, ka dawo da abin nan inda kowa zai ga gindinsa." Ya ba ni wani ɗan fili nasa kusa da tabki, wanda ba ya yin gero saboda laima. Na tsince 'ya'yan ja mai kyau, na wanke na shanya, na shuka a gwangwanaye. Da suka kai kamu ɗaya na dasa, na kewaye kowanne da ƙaya saboda awaki. Na haƙa rijiya gajera. Da rani kullum garwa biyu a kafaɗa, daga rijiya zuwa gindi, daga gindi zuwa rijiya, itacen da bai kai gwiwarka ba kuma ba ya ce maka sannu. Kafin su yi 'ya'ya na yi dakon tumatir, na sayar da rake, na yi wa mutane ban ruwa a lambunansu. Kafaɗar nan ta dama da kuke gani a karkace, nan ta samo asali. Kawu bai ci ko ɗaya ba, ya rasu suna fure na farko.

Waccan kalmar ta direbobi kuwa ita da kanta ta mutu. Isansi ya fito fili, aka jera shi a kwalabe a bakin hanya, ba mai buƙatar ruɓaɓɓun kaya ya rufe shi. Direbobi suka samo wasu sunaye na wasu abubuwa. Yau in na ce muku gwaba, ba abin da ke zuwa ranku sai wannan da ke kan tebur. Amma kafin ta mutu ta tafi da sana'ar mutane da yawa, ba ni kaɗai ba. Cikin waɗanda muke ƙetarawa tare, wasu sun koma noma, wasu sun bar gari.

Dogo ya rasa motarsa a kan wannan magana. Ya yi zaman da aka yanke masa, ya fito ya ƙetara Najeriya, aka daina jin ɗuriyarsa. Wata rana da rani, itatuwan sun kai tsayin mutum, ina ɗibar ruwa sai na ga wani a tsaye a bakin shinge. Ya rame, tsawon ne kawai ya rage. Ya yi sallama na amsa. Muka gaisa kamar yadda ake gaisawa, ya gida, ya iyali. Ya dubi garwa.

Ya ce, "Isuhu, ba wanda zai ba ni mota yanzu. Yara na gida. Ko ban ruwa ne."

Ba wani tunani mai zurfi na yi ba, kafaɗata ke zogi, kuma akwai layi biyu da ban kai gare su ba, ganyensu ya fara lanƙwashewa. Na sauke sandar garwa na miƙa masa. Na ce, "A gindi ake zubawa, a hankali, kada ka tone saiwa."

Ya yi aiki tare da ni har shekarun baya-bayan nan, lokacin da ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Ina ba shi rabonsa duk tsinka. Ya koyi jera kwando, ya koyi neman ɗigon ƙuda, hannunsa ma ya fi nawa sauƙi. Bai taɓa tayar da maganar shingen ba, ni ma ban tayar ba. Abu ɗaya na lura da shi. Duk zaman da muka yi, a lambu muke yini, a cikin gwaba muke, ita muke tsinka, ita muke ɗauka, amma bai taɓa kiran sunanta a gabana ba. Sai dai ya ce abin nan ya ƙosa, ko na layin rijiya sun nuna, ko a kawo kwandon kayan.

Da na je duba shi a kwance, na tafi masa da guda uku ja, masu laushi. Matarsa ta yanka ta ba shi. Ya ci rabi, ya riƙe sauran a hannu yana kallo. Na ga bakinsa ya motsa, na jira. Sai ya ce, "Ta bana ta yi zaƙi."

Na ce, "Ta yi."